Iska da Ɗari a Jikin Ɗan Adam: Koyarwar Vata ta Likitocin Indiya a Ma'aunin Hunturun Sakkwato



Duk wanda ya taɓa yin sammako daga Shagari cikin watan Janairu, ya biyo hanyar Boɗinga zuwa Sakkwato, ya san abin da zan yi magana a kansa tun ban ambace shi ba. Hazo ya rufe gabas, rana ta fito ba ƙarfi, iskar arewa tana kaɗawa tana ratsa riga har ɓargo. Kafin matafiyi ya iso gari leɓɓansa sun tsage, hancinsa ya bushe, ƙafafunsa sun yi furu-furu, in kuwa dattijo ne gwiwoyinsa sun soma ƙorafi. Idan ya kwana biyu yana jin jiki, tsohuwar gidansu ba za ta yi dogon bincike ba, cewa za ta yi iska ta buge shi, ko kuwa sanyi ya shige shi. To, a can ƙasar Indiya ma likitocinsu na gargajiya sun yi kusan shekara 2,000 suna faɗin magana mai kama da wannan, sai dai su sun rubuta ta, sun yi mata babi-babi, sun kuma raɗa wa wannan iska ta cikin jiki suna, watau vata.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, koyarwar nan ta iso mu. Tana zuwa cikin littattafai, tana zuwa cikin wayoyin da ke aljihunku, tana kuma zuwa cikin kwalabe masu rubutun Indiya da ake sayarwa a kantunan magani. Ɗalibai da dama sun tambaye ni ko gaskiya ce. Amsar da zan yi ƙoƙarin kafawa a yau ita ce: koyarwar vata, da ƙanwarta ta nan gida wadda muke kira sanyi ko iska, shawara ce tagari ga mai lafiya da ke son kiyaye lafiyarsa cikin hunturu, amma muguwar jagora ce wajen gane abin da ke damun marar lafiya. Zan bar kalmar da harafinta na asali, ko da yake babu shi cikin abacadarmu, domin in na rubuta “wata” za a zaci na sama nake nufi, in kuma na rubuta “bata” masu shekaruna za su tuna da takalmin makaranta.

Mece ce vata?

Ilmin da wannan kalma ta fito daga cikinsa sunansa Ayurveda, ma'anarsa a harshen Sanskirit ilmin rayuwa. Manyan littattafansa uku ne: na Caraka, wanda ya fi mai da hankali ga cututtukan cikin jiki, da na Sushuruta, wanda ya shahara da aikin fiɗa, da na Vagbhata, wanda ya zo wajen ƙarni na 7 na Miladiyya ya tattara na magabatansa ya taƙaita. A wajensu duk abin da ke duniya daga asali biyar aka haɗa shi, ƙasa da ruwa da wuta da iska da sarari. Daga waɗannan ne ake samun abubuwa uku masu tafiyar da jiki, waɗanda suke kira dosha: vata daga iska da sarari, pitta wadda wuta ta rinjaya a cikinta, da kapha daga ruwa da ƙasa. Ita kalmar dosha asalin ma'anarta aibi, watau abin da kan iya ɓaci ya kuma ɓata waninsa. Muddin ukun nan suna bisa gwargwadon da aka halicci mutum da shi, lafiya ke nan. In ɗaya ta yi yawa ko ta bar mazauninta, cuta ta samu.

Vata ita ce shugabarsu, domin duk wani motsi nata ne, sauran biyun kuwa ba su iya kai kansu ko'ina sai ta ɗauke su. Numfashi, da bugun zuciya, da ƙiftawar ido, da saukar abinci cikin hanji, da fitar fitsari da bayan gida, da naƙuda, har da kai-komon tunani, duk aikinta ne. Sun kasa ta gida biyar bisa wurin aikinta, tun daga prana mai kula da numfashi da haɗiya a kai da ƙirji, har zuwa apana mai tura abubuwa ƙasa a mara. Babban mazauninta babban hanji ne, sa'an nan ƙugu da cinyoyi da ƙasusuwa da kunnuwa da fata. Vagbhata ya ba ta siffofi shida: bushewa, da rashin nauyi, da sanyi, da kaushi, da sirantaka mai ratsa ko'ina, da rashin zama wuri ɗaya. Ina roƙon ku riƙe waɗannan shida, domin za mu koma kansu.

Sun ce tana da lokutanta. A rayuwa lokacinta tsufa ne, shi ya sa tsoho ke bushewa, barcinsa ya ragu, gaɓoɓinsa su riƙa ƙara. A yini lokacinta ƙarshen rana ne da ƙarshen dare, kamar daga bayan azahar zuwa magariba, da kuma daga talatainin dare zuwa asuba. Abubuwan da ke tayar da ita kuwa, in na karanto muku su, za ku ce marubucin ya taɓa zama a ɗakin kwanan ɗalibai ko a sakatariya: raba dare ba barci, tsallake abinci, cin busasshen abu mai sanyi, yawan magana, yawan tafiya bisa abin hawa mai jijjiga, fargaba da baƙin ciki, da kuma danne bukatun jiki. Caraka ya lissafa bukatu 13 da ya hana a danne, cikinsu akwai fitsari da bayan gida da atishawa da hamma da yunwa da ƙishirwa da barci da hawaye. Ma'aikacin da ya fito daga Boɗinga bisa babur da sanyin safiya ba karin kumallo, ya zauna taro har la'asar yana matse da fitsari saboda kunyar maigidansa, ya cika cikinsa da goro, to a hukuncin Caraka ya tara wa kansa vata ta kowace kusurwa.

Maganin kuwa ƙa'ida ɗaya ce tak ta haife shi: kowane abu yana ƙara irinsa, kishiyarsa kuma tana rage shi. Tun da vata busasshiya ce, a ba ta maiƙo. Tun da mai sanyi ce, a ba ta ɗumi. Tun da ba ta zama wuri ɗaya, a ɗaure ta da tsari, watau a ci abinci a kan lokaci, a kwanta a kan lokaci. Man da suka fifita shi ne man riɗi, a ɗumama shi a shafe jiki da shi, musamman kai da kunnuwa da tafin ƙafa, kana a yi wanka da ruwan ɗumi. Abinci ya zama dafaffe mai ɗumi mai romo da ɗan mai, kamar madara da man shanu da shinkafa da alkama da romon nama, a sa citta. Daga cikin ɗanɗano shida da suka sani, sun ce zaƙi da tsami da gishiri suna kwantar da ita, ɗaci da yaji mai tsanani da bauri suna tayar da ita. In abin ya yi nisa sai likita ya yi wa marar lafiya turare ya yi gumi, ko ya ɗura masa mai da ruwan magani ta dubura, wanda suke ɗauka shi ne sarkin magungunan vata.

Ta ina muka haɗu da su?

Wani zai ce me ya haɗa Basakkwace da likitancin Indiya? Akwai hanya, kuma ta Bagadaza ta biyo. A zamanin Halifa Haruna Rashid, waziransa Baramika sun gayyato likitocin Indiya, cikinsu har da wani mai suna Manka, aka kuma juya littattafan Caraka da Sushuruta zuwa Larabci. A shekarar 850 Aliyu ɗan Rabban al-Ɗabari ya kammala littafinsa Firdausul Hikma, ya ware wani sashe a ƙarshensa ya taƙaita likitancin Indiyawa a ciki. Al-Razi ma ya ambaci Caraka a cikin al-Hawi. Sai dai ginshiƙin da likitocin Musulmi suka ɗauka na Yunanawa ne, na Bukrata da Jalinusa, mai ruwaye huɗu: jini da balgamu da safra'u da sauda'u, da ɗabi'u huɗu: zafi da sanyi da danshi da bushewa. Babu iska cikin huɗun nan, amma sauda'u, mai sanyi da bushewa, wadda ake danganta wa tsufa da waswasi da rashin barci, ita ce ta fi kusa da vata. Ƙa'idar magance abu da kishiyarsa kuwa ɗaya ce a gidajen biyu.

Wannan ɗibbu na Larabci ya iso ƙasarmu cikin gafakar malamai, kuma yankin da na buɗe magana da shi yana da rabo babba a ciki. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna Boɗinga kusa da shi. Malam Abdullahin nan, wanda aka fi sani da tafsiri da nahawu da fiƙihu, yana da littafi mai suna Masalihul Insan, wanda sunansa cikakke ya nuna yana magana ne a kan maslahar addini da ta jiki gaba ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya fi kowa cikinsu zurfi a wannan fanni. Ya rubuta a kan ɗibbun Annabi, ya rubuta a kan ciwon ido, yana da risala a kan basir, da wata a kan filasko. Da Baturen nan Kilafaton ya zo Sakkwato a 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita, da Baturen ya komo kuma cikin littattafan Larabci da ya kawo masa tsaraba har da na Ibn Sina. Ina ambaton wannan ne domin a san magabatanmu ba su tsorata da ilmin likitanci don ya fito daga wata ƙasa ba. Karɓa suka yi suka auna.

Har itatuwa ma sun haɗa mu. Dogon yaron da ke yi wa titunanmu inuwa ɗan Indiya ne, a 1928 aka soma dasa shi a Barno, daga baya ya game Arewa. Abin dariya, mu da muka karɓe shi jiya mun mai da shi maganin kome, alhali masu shi suna lissafa shi cikin masu ɗaci da sanyi, watau masu tayar da vata, ba su kuwa yarda rammamen tsoho ya dinga ɗirkar ruwansa ba. Haka kuma ashwagandha, saiwar da ake tallarta a duniya yanzu a matsayin babban maganin vata, tana fitowa da kanta a ƙasar Hausa. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a lardunan Arewa ya kuma wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya rubuta sunanta ƙarama anta.

Ɗari da sanyi

Yanzu mu koma ga siffofin nan shida. Bahaushe yana da kalmomi biyu inda Bature ke da ɗaya. Akwai sanyi, na damina da raɓa da ruwan randa, mai danshi. Akwai kuma ɗari, na hunturu, busasshe, wanda iska ke ɗauke da shi. Da za a ce in fassara vata da kalma guda, ɗari zan ce, sanyi mai danshi kuwa kapha ce ta fi dacewa da shi. Wannan bambanci yana da amfani, domin tsofaffin littattafan Indiya sun ce vata tana taruwa da bazara, ta tashi da faɗuwar damina, littattafan da ake bugawa a Amurka da Turai kuwa suna cewa lokacinta kaka ne, kowa da yanayin ƙasarsa. Wanda ya kwafo sunayen watanni daga can ya ɓata. Mu namu lokacin da ya tara bushewa da sanyi da kaushi da ratsawa da motsi shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iska ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Cadi ta watsa mana, laimar iska kuma ta sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100 da tsakar rana.

Me iyayenmu ke yi a wannan lokaci? Ni dai a wani ƙauye kusa da Shagari na yi ƙuruciyata, kuma ina tuna kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta barin yaro ya kwanta da ɗari sai ta murje masa ƙafafu da man shanu ko man kaɗe, ta ɗan shafa masa a ƙofar hanci. Da safe kunun gyaɗa ne ko na tsamiya da zafinsa, ga citta da kanumfari da masoro. Fura da nono takan ce a bari rana ta ɗaga. Wanka da ruwan ɗumi, shi ma sai hantsi. Ba ta taɓa jin sunan Vagbhata ba, amma da sun haɗu da ba su yi gardama ba: maiƙo, ɗumi, zaƙi, tsami, da yin kome a kan lokacinsa.

Likitancin zamani ba ya musun yawancin wannan, illa dai yana ba da dalili dabam. Fata tana da wani siririn rufi na maiƙo da ke hana ruwan jiki tsirarewa. Busasshiyar iska da sabulu mai kaifi suna cinye shi, fata ta tsage, faso ya buɗe, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Mai yana toshe wannan ɓaraka, ya fi kuma amfani in an shafa shi jiki na da sauran lema bayan wanka. Fatar cikin hanci ma haka take, shi ya sa haɓo ke yawa da hunturu; a 1979 wani masanin magunguna a Legas, Tella, ya wallafa ɗan binciken da ya nuna man kaɗe na taimaka wa toshewar hanci. Mutum ba ya jin ƙishirwa da ɗari alhali jikinsa na ta zubar da ruwa ta numfashi, saboda haka kunu da romo da shayi suna mayar masa da abin da ya rasa, suna kuma sauƙaƙa taurin bayan gida. Barci a kan lokaci kuwa, babu likitan da zai ƙi sa hannu. Amma fa a lura, amfanin shawarar bai tabbatar da bayanin ba. Babu wani awo na jini ko hoto na asibiti da ya taɓa nuna vata, kamar yadda babu wanda ya nuna sauda'u. Suna ne da masu lura suka ba tarin alamomi da suka ga suna tafiya tare, kuma lurar tasu ta yi kyau ƙwarai a wurare da yawa.

Inda haɗarin yake

Caraka ya ce cututtukan da vata ke haddasawa ita kaɗai 80 ne, na pitta 40, na kapha 20. Na bi jerin nan na tamanin, kuma abin da na gani shi ne ainihin dalilin wannan lacca. Jerin ya fara da tsagewar farce da faso. Cikinsa akwai hamma da shaƙuwa da rashin barci. Amma a cikinsa ɗin dai akwai sanƙarewar wuya, da karkacewar baki, da shanyewar ɓarin jiki, da jijjiga. Watau faso da shanyewar jiki uwarsu ɗaya, maganinsu kuma daga tukunya ɗaya za a ɗebo. Kada mu yi wa Indiyawa dariya, domin namu buhun ya fi nasu faɗi. Da sunan sanyi muke kiran ciwon gaɓoɓi, da ciwon baya, da ciwon mara na mata, da cutar da ake ɗauka wajen saduwa, da rashin haihuwa. Da sunan iska muke kiran farfaɗiya da taɓin hankali, shan inna ma ga sunansa nan ya faɗi wadda ake zargi. Suna ɗaya da ya rufe cuta tamanin lalle zai ɓoye 'yan kaɗan ɗin da ke kisa cikin kwana guda.

Ina da abokin karatu, ma'aikaci ne, shekarunsa sun ɗan haura hamsin. Wata safiya ta hunturu ya tashi hannunsa na hagu ya yi nauyi, yatsunsa sun yi dundurus. Ya ce sanyi ne, aka kawo man zafi aka murza, aka dafa citta. Kwana biyu ana haka, a na uku bakinsa ya karkace, magana ta sarƙe. Da aka kai shi asibiti aka tarar jininsa ya hau nesa da iyaka, ya kuwa yi shekaru a haka bai sani ba, domin hawan jini ba ya sallama. Yana nan da rai, amma da sanda yake tafiya, aikin ma ya bari. Abin da ya same shi toshewar jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa, kuma maganin da ke narkar da irin wannan gudan jini ba ya amfani sai cikin awa huɗu da rabi na farko. Nauyin hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya, da karkacewar baki, da sarƙewar harshe, ba na man shafawa ba ne, na mota ne zuwa asibiti a wannan sa'a. A nan ne ma shawarar vata ke juyewa ta zama guba: ta ce gishiri da zaƙi da maiƙo suna kwantar da ita, ga shi kuwa mai hawan jini gishiri ne abokin gabansa, mai ciwon sukari kuma zaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau kimanin ƙaramin cokali guda, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Duk wanda ya kai arba'in a zauren nan bai san awon jininsa ba, ya je a auna shi. In ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, magana ta zama ta likita.

Na biyu shi ne sanƙarau. Tsofaffi sun yi gaskiya da suka haɗa shi da iskar rani, gama ƙura da bushewa suna raunana fatar hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar da ke zaune a can ta sami hanyar shiga jini, ga cunkoso a ɗaki an rufe tagogi. Tun 1963 likitan Faransa Lapeyssonnie ya zana ɗamarar ƙasashen da annobar ke bi, Sakkwato kuwa tana tsakiyarta. A 1996 cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2017 ta sake tashi daga Zamfara ta shigo Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja, aka lissafa fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Iska ta buɗe ƙofa, amma ɓarawon ƙwayar cuta ce, kuma allura ke kashe ta. Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa, ko kumburin maɗiga ga jariri, kan iya kai mutum kabari cikin yini ɗaya. A 2024 Nijeriya ce ƙasa ta farko da ta soma amfani da sabuwar allurar rigakafi mai tare nau'i biyar na ƙwayar.

Na uku zan taɓa shi da ladabi, domin na iyayenmu mata ne. Indiyawa sun ce mace in ta haihu cikinta ya zama fanko, iska kuwa fanko take so, saboda haka sukan yi wata ɗaya da rabi suna yi mata tausa da mai da ruwan ɗumi da abinci mai man shanu. Mu ma tsoron kada sanyi ya shigi mai jego ne ya haifi wankan jego na kwana arba'in, da kunun kanwa, da kwanciya bisa gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Tunanin ɗaya ne, amma mu mun kai shi maƙura. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bayyana yawan kasawar zuciya ga masu jego, kusan mace 1 cikin 100, suka kuma danganta shi da zafin da ya wuce kima da kanwa, wadda a wajen zuciya da ƙoda hukuncinta hukuncin gishiri ne. Wani bincike da aka wallafa daga Sakkwato a 2007 ya sami adadi kusan irin wannan. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa a Kano sun nuna lamarin bai tsaya ga ruwan zafi da kanwa ba, akwai hannun rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Duk da haka, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta in ta kwanta, tana tari da dare, ba ƙarin kanwa take bukata ba, ko da kuwa surukarta ta rantse sanyi ne.

Akwai ƙananan misalai da zan wuce da sauri. Yaron da ke kuka da ƙasusuwa duk hunturu, a lulluɓe shi a ba shi ruwa da yawa, wannan daidai ne, amma a gwada jininsa ko sikila ce. Kaskon gawayi a ɗaki rufaffe yana fid da iska marar wari mai kashe mai barci. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Saura kwalaben nan. Wani reshe na likitancin Indiya da gangan yake sa ƙarafa cikin magani, da imanin cewa ƙonawa da sarrafawa sun tsarkake su. A 2004 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sayi irin waɗannan magunguna 70 a kantuna suka auna, suka sami dalma ko zaiba ko asanik a cikin 14. Da suka maimaita a 2008 da waɗanda ake saye ta intanet, sakamakon bai sauya ba, kusan ɗaya cikin biyar. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ba mu bukatar a yi mana dogon bayani. Ashwagandha kanta an sami waɗanda ta taɓa wa hanta, ba a kuma ba mai ciki. Lambar hukumar NAFDAC a jikin maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba lafiyar shansa, ba shaida ce ta cewa yana warkar da abin da aka rubuta a takardarsa ba. Man riɗin da ake yi wa kirari kuwa, riɗin a gonakinmu ake noma shi, babu dalilin sayensa da kuɗin waje.

Indiya ta kafa ma'aikata sukutum domin likitancinta na gargajiya a 2014, a 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta aza harsashin cibiyarta ta wannan fanni a garin Jamnagar. Littattafan Caraka an buga su, an fassara, ana gardama a kansu a jami'o'i. Namu na Bello da na Malam Abdullahi suna nan a ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu da hannun zuriyar malamai, masu karanta su galibi malaman Larabci da tarihi ne, likitoci da masana haɗa magunguna kuwa ƙalilan ne suka taɓa buɗe su. Ina ba Shugaban wannan zama shawara a haɗa ɗalibai uku-uku, na Larabci da na ilmin tsirrai da na likitanci, a ba kowane rukuni risala ɗaya, a fara da ta basir da ta filasko tun da gajeru ne. Sa'an nan a tura wasu ƙauyukan Boɗinga da Shagari cikin hunturu mai zuwa, su zauna da unguwarzoma da wanzamai da tsofaffin mata, su rubuta kowace cuta da ake kira sanyi ko iska, da alamominta, da abin da ake ba mai ita, da kwana nawa akan yi kafin a nufi asibiti.